Ranar da Na Hana Jirgi Shan Ruwa

Ni ɗan Yawuri ne, duk unguwarmu ta Tremont a nan ƙasar waje babu wanda ban gaya wa ba, ko da yake rabona da kwalekwale tun ina yaro. Aminina Mamman yana da ɗan jirgi mai tafiya da iska, irin wanda ake ja a bayan mota. Ya daɗe ba shi da lafiya. Da ciwon ya tsananta, ya ce, "Kai ni bakin ruwan City Island in ƙara hawa sau ɗaya."

Muna tura jirgin na ji ruwa yana shiga ta wata 'yar kafa a ƙasa. Na gode Allah da ya sa gwani irina yana kusa. Na toshe ta shiru, kada hankalin mara lafiya ya tashi.

Ashe haka aka ƙera jirgin, sai cikinsa ya sha ruwa ya yi nauyi yake tsayuwa. Iska na bugun ƙyallen jirgin muka kife. Aka tsamo mu kamar wanki.

Bai sake hawa ba. Da na je duba shi a asibiti, numfashi da ƙyar, ya ce wa matarsa, "Hajiya, miƙo kofin nan da sauri, Sarkin Ruwa ya iso, yanzu zai hana ni sha."

Har yau haka 'ya'yansa ke kirana. Ina amsawa.