Ranar da na kwance tabarmin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin albasar nan ba, albasar Abzin tana soyuwa cikin man shanu da hantsi. Har yau in na ji shi sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Zamanin Faransawa ne, dab da tafiyarsu. Arlit ɗin nan da nake zaune ba ta zama gari ba tukuna, fili ne da duwatsu. Amma Nasara sun riga sun fara yawo a dajin arewa suna ƙwanƙwasa dutse da guduma, kuma a Agadas suke ɗibar masu yi musu aiki: 'yan jagora, masu raƙuma, masu tuƙa kamyo, wato manyan motocin kaya. Waɗannan mutanen, yawancinsu Abzinawa masu rufe fuska da rawani, su ne masu cin tuwon Gwaggona. Ni kuwa daga Damagaram aka turo ni wurinta bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, da takardar shaidata da wani littafi da nake rubuta waƙoƙi a ciki (na wata da taurari ne, kada ku tambaye ni).

Ranar da na fara ganin rumfar Gwaggo tausayinta ya kama ni. An kewaye ta da tsofaffin tabarmin kaba, cikinta ma an rarraba lungu-lungu, ga duhu, ko alama babu da za ta nuna ana sayar da abinci. Mai ci zai shigo a sunkuye, ya karɓi akushinsa, ya ba tabarma fuska, ya gama ya fita kamar wanda ya yi laifi. A littafin karatunmu kuwa akwai hoton wurin cin abinci a Faransa, tebura a bakin hanya, mutane zaune a sarari suna ci suna dariya. Na daɗe ina mafarkin hoton nan.

"Gwaggo," na ce mata wata rana, "kasuwancin zamani sai an nuna kaya. Mai wucewa ya ga ana ci, ransa ya biya, ya tsaya."

"To, Madam," ta ce. "Miƙo mini ludayin nan na zamani."

Sai aka yi rasuwa a Ingal, dole ta tafi gaisuwa na kwana huɗu. Kafin ta hau mota ta kama hannuna.

"Jibi kamyo za su dawo daga daji. Wannan rana ita ke riƙe da rumfar nan har wata ya zagayo. Ki kula da Agali, babban ɗan jagora, inda ya zauna nan ayarinsa ke zama. Kada ki sauya komai."

Na ce to. A zuciyata kuwa na riga na ga ranar dawowarta: ta tarar da layi har bakin tasha, ta rungume ni, ta yi kuka.

Da asubar ranar na kwance tabarmin nan duka, na naɗe su na jingine a bayan gida. Na aro tebur da benci biyu, na jera su suna kallon hanya. Na samo allo na rubuta baiti biyu da gawayi na yabon miyar Gwaggo, wadda na kwatanta da damina (mutum nawa ne za su iya karantawa, wannan ban tsaya tunaninsa ba). Tambara, dattijuwar da ke tuƙa wa Gwaggo tuwo shekara da shekaru, ta iso ta tsaya da muciya a hannu.

"Ɓarayi ne suka zo?"

"Gyara ne, Iya."

"Ke kika yi mana tsirara haka?"

"Ki dai jira ki gani."

"Ai kuwa zan gani. Yau kowa ma zai gani, tunda babu abin da ya rage a rufe."

Da hantsi kamyo suka shigo. Mutane suka diro, sun yi makonni a daji, idanu duk sun faɗa. Na zuba albasa a mai don ƙamshi ya kira su, ya kuwa kira su. Suka taho rukuni-rukuni cikin baƙaƙen rawunansu, suka iso, suka tsaya. Na ga hannuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna jan amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, har sai da ya kai ƙarƙashin ido. Suka gaishe ni da ladabi, suka tambayi Gwaggo, suka tambayi hanyar Ingal, suka tambayi zafi. Na nuna musu benci.

"Alhamdu lillahi, mun ƙoshi," in ji ɗaya. Ina jin cikinsa yana ƙugi daga inda nake.

Mai hankali da nan zai gane. Ko a Damagaram na san dattijo ba ya cin abinci a bakin hanya. Amma ni hoton littafi ya rufe mini ido. Sai na yanke cewa matsalar ita ce ba su ɗanɗana ba, domin na taɓa jin Madam, malamarmu ta lakwal, tana cewa a ƙasarsu mai sayarwa yakan ba da ɗanɗano kyauta.

Can na hango Agali, dogo, yana tsaye gefen hanya tare da wani tsoho mai sanda. Na ce a raina in na kama wannan na kama duka. Na ɗebo miya a cokali, har da 'yar tsokar nama a kai, na tara tafin hannuna a ƙasa don kada ta ɗiga, na ratsa mutane ina murmushi irin na matar cikin hoto. Na tsaya a gabansa, na ɗaga cokalin daidai amawalinsa.

"Malam Agali, ɗan sauke rawanin ka ɗanɗana. Buɗe baki!"

Da ƙarfi na faɗa, don na baya ma su ji.

Sun ji. Tashar nan ta yi tsit, har ina jin albasata tana ƙonewa. Tsohon ya juya a hankali ya shiga duban sama, kamar an ce masa hadari ya taso. Na dubi Agali. Idanunsa kawai nake gani, kuma ban taɓa ganin ido ya roƙi mutum haka ba. Ya ja da baya taku ɗaya. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na bi shi da cokalin taku ɗaya. Ya sake ja, na sake bi. A na uku ya juya ya tafi da sauri, babban mutum, rigarsa tana kaɗawa. Miyar ta ɗiga a kan yatsun ƙafata.

Tambara ce ta janyo ni ta gyale.

"Ke! Surukinsa ne! Uban matarsa! Shekara goma ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, ke kin zo za ki ba shi a baki kamar ɗan yaye!"

"Ban sani ba, Iya."

"A lakwal ɗin me aka koya muku?"

Ina tsaye ina kallo ayarin nan kaf ya zagaya bayan katanga, gidan Mariyama, wadda tuwonta ke da gudaji amma zaurenta ke da duhu. Ranar awaki ne suka karanta baitocina, suka kuma ci tuwon.

Da Gwaggo ta dawo ta dubi teburin, ta dubi allon, ta dube ni. Na so ta zage ni. Sai ta ce in ɗauko tabarmin. Ni na riƙe, ita tana ɗaurewa, sai da muka kai ta ƙarshe ta yi magana.

"Tuwo kowace mace ta iya, 'yata. Mutumin nan wuri yake nema da zai sauke rawaninsa ba wanda ya ga bakinsa. Shi nake sayarwa, tuwon gyara ne."

Mako guda rumfar tana wayam, Gwaggo tana rage tukunya kullum, ni ina kasa haɗa ido da ita. Kullum da la'asar kuma sai ta yafa mayafi ta fita ba ta ce inda za ta ba. Sannan suka fara dawowa, ɗaya, biyu, har ranar da Agali da kansa ya sunkuyo ya shigo. Na ɓuya bayan turmi. Abin mamaki, babu wanda ya yi mini gori. Sai ma lallaɓa ni suke yi, kowa ya shigo ya ce, "Sannu, yarinya. Ya jiki?" Wani mai lambu har dabino ya kawo mini. Na ce lallai Abzinawa mutanen kirki ne.

Abin da na koya dai, in ka tarar da tsohuwar tabarma rataye a wurin sana'ar wani, tambayi me take karewa kafin ka kwance ta. Kuma kada ka bi kowa da cokali.

Sai bayan shekaru masu yawa, a nan Arlit, wani tsohon mai tuƙa kamyo ya gane ni a kasuwa. Muka gaisa, ya dube ni da kyau, ya rage murya.

"Kin warke sarai kuwa?"

"Daga me, Baba?"

"Ciwon nan. Ai Gwaggonki gida-gida ta bi mu, har gidan surukin Agali. Ta ce a yi haƙuri, karatun Nasara ne ya taɓa miki kai, amma ana nan ana yi miki magani."