Jirgin da Ya Riga Yaro Amsa Suna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau ba su rabu da warin fenti ba, Malam Badamasi Ringim, mazaunin unguwar Ard al-Liwa a birnin Alƙahira, yana sanar da 'yan uwa da ɗalibai da duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗa a bayan marigayin, rasuwar jirginsa na shan iska, wanda kogin Nilu ya karɓa ranar Juma'ar da ta gabata da hantsi, yana ɗaure a mazauninsa na gaɓar unguwar Ma'adi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a saba sanar da mutuwa a ɓoye sunan mamaci ba. Za a faɗe shi, amma sau ɗaya, can ƙasa, nesa da kalmar rasuwa. Mai jirgin ne ya roƙi haka, domin akwai wani mai rai a asibiti, kwanansa huɗu a duniya, wanda asali shi ne mai sunan.

Marigayin ya rasu yana da shekara goma sha tara, a faɗar mutumin da ya sayar da shi, wanda ba mu taɓa kama shi da gaskiya a kan komai ba. Kafinta ya ce a ƙara goma. Jirgi ne na katako, mai rumfa shuɗiya da inji ɗaya a baya, yana cin mutum goma sha biyu idan sun yi haƙuri da juna. Malam Badamasi tafinta ne. Shi yake raka mutanenmu masu zuwa Masar neman magani, daga filin jirgi zuwa likita, daga likita zuwa kantin magani. Ya lura cewa wanda aka gaya wa sakamakon da bai so ji ba, babu abin da yake nema kamar inda zai zauna ya yi shiru. Don irinsu ya sayi jirgin, ya damƙa tuƙinsa a hannun maƙwabcinsa Tarig, Bahaushen Sudan da ya girma a bakin ruwa.

Mun shaide shi da haƙuri. Ya ɗauki alhazai masu sabuwar gwiwa bai yi ƙorafi ba. Sauran jirage suna wucewa da kiɗa kamar za su tsaga kogi, shi ko rediyo ba ya so. Mun shaide shi da riƙon sirri, don Allah kaɗai Ya san matan da suka yi kuka a ƙarƙashin rumfarsa suka share ido kafin a dawo gaɓa. Da safe sai ya yi tari sau uku, kof, kof, kof, kamar dattijo zai shiga zaure, sannan ya kama tuf-tuf-tuf ɗinsa har la'asar.

Wata biyu ya yi babu suna. Tsohon sunansa rana ta cinye, kuma kowa yana da shawara. Tarig ya ce a sa masa Amaryar Nilu, aka tuna masa cewa amaren Nilu da ke tsakanin Ma'adi da gada sun kai arba'in. Ɗalibanmu na unguwar Darrasa sun kawo sunaye masu nauyi daga littattafai, waɗanda da an rubuta ɗaya da jirgin ya nutse tun ranar. Murja, matar Malam, ta ce a sa masa Sannu a Hankali, tunda ba ya sauri. Malam ya yi ta cewa sai ya yi tunani.

A nan dole a faɗi abin da ba a so a faɗa. Murja ta yi ɓari sau uku a garin nan. A lokacin tana ɗauke da ciki na huɗu, tana tafiya da shi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ranar da suka je awo aka yi hoton ciki, likita ta ce namiji ne, kuma lafiyarsa lau. Malam Badamasi ya sa matarsa a tasi, shi kuma bai zame ko'ina ba sai kantin fenti. Farin ciki ne ya yi masa yawa, ya rasa inda zai zuba shi. Tun mahaifinsa yana kan gadon ajali ya yi masa alkawarin ɗansa na fari zai ci sunansa. Sunan shi ne Abdurrahim.

Usta Husam, kafintan da ke gyaran jirage a wannan gaɓar, ya same shi yana goge katakon goshin jirgi. Ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, ya saurara, ya ce, "Ya ustaz, katakon nan ya sha ruwa. Bari in canza shi, ya bushe mako biyu, sannan ka rubuta abin da kake so."

"Mako biyu ya yi nisa," in ji Malam. "Yau nake so."

An kawo masa mai rubutun allunan shago, ya nuna masa rubutun ruƙ'a irin na Misirawa da wani rubutu mai lanƙwasa kamar na bangon masallaci. Malam ya ce a'a. Mahaifinsa marubucin Alƙur'ani ne a Ringim, da rubutun Warshu ya rayu, da shi za a rubuta sunansa. Ya fere buroshi kamar yadda ake fere alƙalamin gamba, ya shimfiɗa farin fenti hawa uku, ya zauna a kan galan ya rubuta da baƙi, kowane harafi tsawon kamu ɗaya, ya zagaye su da ja. Harafin ƙarshe ya ja wutsiyarsa ƙasa har ta kusa taɓa ruwa. Gaskiya rubutun ya yi kyau. Misirawa suna tsayawa suna karkata kai kafin su karanto shi, kuma da sun karanto sai su ƙwala kira. Daga ranar, matuƙa da masu shayi da 'yan sandan ruwa, kowa yana kiran sunan nan daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Sau ɗaya Murja ta zo. Ta tsaya a kan matakalar da ke gangarawa bakin ruwa, hannunta a ƙugu, ta daɗe tana kallo. Sunan surukinta ne, kuma sunan ɗan fari, bakinta ba zai taɓa furta shi ba.

"Malam," ta ce, "yaron nan bai zo ba tukuna. A kunne ake fara faɗa masa, a raɗa ran bakwai. Wa ya ce ka fitar masa da suna bakin ruwa?"

Malam Badamasi ya yi shekara shida yana karatun tauhidi, don haka ya karanto mata babi guda a kan haramcin camfi, da hujjoji da sunayen malamai. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji, ta koma ta hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Ba ta taɓa sa ƙafa a cikin jirgin ba.

Jinyar marigayin ta fara a hankali. Mako uku da rubutun, Tarig ya ɗaga katakon ƙasa ya tarar da ruwa ya kai idon sawu. Ya yanke galan ya kwashe. A makon nan ƙafafun Murja suka kumbura. Bayan kwana goma tarin safe ya koma biyar, wani lokaci bakwai, kuma idan babban jirgi ya wuce sai goshin ya yi wani ƙiii mai tsawo wanda ba mu san shi da shi ba. A kwanakin nan jinin Murja ya hau, likita ta ce ta kwanta kada ta ɗaga ko buta.

Malam yana cewa babu haɗi tsakanin ciwon jirgin da na Murja. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a masallaci, ya faɗa wa wanda bai tambaye shi ba. Amma kullum da sassafe sai ya taho tun daga Ard al-Liwa, ya durƙusa ya shafa cikin jirgin da tafin hannu. Idan ya ji a bushe, ya wuni yana raha. Idan ya ji danshi, sai ya fito da waya ya kira gida. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda mai ilimi yake jin kunyar faɗa. Mun gani, muka yi shiru, kuma shirun nan yana damunmu yau.

Usta Husam ya dawo ya duba majinyacin. Ya sa tsinin wuƙa tsakanin haruffa biyu, wuƙar ta shige kamar a cikin dafaffiyar doya. Fenti ne kawai a tsaye, bayansa duk ya ruɓe.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "A yanke shi yau, in sa sabo. Kwana uku ka sake rubutunka."

"Ta ina zarto zai bi?"

"Ta tsakiyar sunan. Babu wata hanya."

Malam ya dubi haruffan, ya dubi zarton. Ya ce, "Bayan haihuwa."

Tarig ya ja shi gefe. "Ya zol, ɗan'uwa, wallahi jirgin nan ba zai kai ba. Katako ne fa, ba yaro ba."

"Na sani," in ji Malam. "Bayan haihuwa."

Ya liƙe ta ciki da kwalta, ya bi haruffan da sabon baƙi. Ranar da ya gama, sunan ya fi kowane lokaci ƙyalli.

Ranar Juma'a da safe Tarig ya kira ya ce goshin jirgi ya sunkuya. Murja ta ce bayanta yana ciwo tun asuba. Malam ya ce mata yanzu zai dawo, kafin a shiga masallaci. Da ya isa Ma'adi, wutsiyar harafin ƙarshe ta riga ta shige, sauran suna bi ɗaya bayan ɗaya. Marigayin bai yi kakari ba. Ya karkata, ya ce ɓul, ɓul, ɓul, kainuwa ta taru a kansa. A dab da wurin akwai bakin magudanar da ke zubo ruwan ƙazanta, kuma a cikin sunan akwai sunan Allah. Malam ya tuɓe riga ya ajiye a matakala, wayarsa a aljihunta, ya shiga ruwa har ƙirji, shi da Tarig da ƙarfen ɓanɓara. Sun fi awa biyu suna fama kafin katakon ya saki.

Da ya fito rungume da shi, ya tarar da kira goma sha huɗu daga Tagwa, matar Tarig. Jini ne ya ɓalle wa Murja. Tagwa ce ta sauko da ita hawa uku, ta tare tasi, ta sa hannu a takardar aiki. An ciro yaro bakwaini, aka wuce da shi kwalba. Babu wanda ya yi masa huɗuba a kunne. Uban ya iso yana warin laka, masu jinya suka ƙi barinsa ya matsa sai da ya wanke jiki, sannan ya ga ɗansa ta bayan gilashi, da bututu a hanci, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri.

A jikin kwalbar akwai ɗan kati da wurin rubuta suna. Kullum mai jinya tana miƙa masa biro, kullum yana cewa gobe. Jiya ya zauna a bakin gadon Murja, ya sunkuyar da kai.

"Murja, mu canza. Ruwa ya riga ya taɓa wancan."

Ta ce, "Cewa na yi kada ka fitar da shi, ban ce ka yar ba. Uku sun tafi babu suna, Malam. Wannan ko zai zauna ko ba zai zauna ba, da sunan Baba za a kira shi. Je ka gama da jirginka ka dawo."

Marigayin ya rasu ya bar matuƙi ɗaya, Tarig, wanda yanzu yake wuni a matakala yana kallon jiragen mutane. Ya bar inji da aka tsamo, wanda ba a fid da rai da shi ba. Ya bar rigunan ceto goma, da butar shayi, da igiyar da ta riƙe shi har ƙarshe ba ta tsinke ba. Ya bar katako ɗaya, wanda yake jingine a bayan ƙofar Malam, an juya fuskarsa ga bango.

Ga yadda za a yi jana'iza. Babu wanka, ya sha isasshe. Babu salla, don haka ɗaliban da suka fara buɗe littattafai su rufe. Ranar Alhamis da safe za a jawo gangar jikin zuwa wurin Usta Husam, ya ɗebi abin da zai moru. Bayan la'asar Malam Badamasi zai kankare haruffan da hannunsa, a tattara ɓawon fentin a farin ƙyalle, a binne a ƙasa mai tsarki a bakin hamada, bayan Ma'adi. Duk mai son rakiya ya same mu a matakala.

Ana karɓar gaisuwa a gida. Roƙo ɗaya ake yi, kuma da gaske ake yinsa: wanda zai yi ta'aziyya ya ce jirgi. Kada kowa, ko da wasa, ya haɗa sunan nan da "Allah Ya jiƙa" a baki ɗaya.

Ranar Juma'a yaro zai cika kwana bakwai. Likitoci sun ce makon farko shi ne abin dubawa, ba su ƙara komai a kai ba. Za a raɗa suna bayan sallar asuba a gidan Malam, hawa na uku. An sayi rago, yana ɗaure a saman bene, an sayi dabino da goro. Ana roƙon duk wanda zai zo ya kira Tarig a waya kafin ya fito daga gida.