Ƙuri'ar Tudun Marke a Hannun Nomau

A Tudun Marke akwai wani mutum mai suna Nomau, wanda Allah ya ba ƙarfin bijimin huɗa da muryar da ke tsallake gonaki uku, sai dai kansa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba kwana. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu, sai matarsa Ladingo mai daddawa, wadda ta koyi auna magana sau uku kafin ta sake ta a gabansa. 'Yan birni suna yi masa dariya. To su yi ta yi har haƙoransu su bushe. Mutanen Tudun Marke ba za su ba da shi a kan masu wayo goma ba, kuma ga dalili.

A shekarar nan jam'iyya mai alamar tulu za ta fitar da ɗan takarar kansila. Ƙauyuka bakwai ne a gundumar, kowanne da wakili ɗaya, kuma wanda wakilai suka fi yin layi a bayansa shi ke ɗaukar tuta. Mutum biyu ke nema. Akwai Malam Haladu magini, wanda duk damina shi ke tara gayya a gyara mashigin rafin da ke raba ƙauyukan da kasuwa da asibiti. Akwai kuma Basiru, surukin Alhaji Sambo shugaban jam'iyya na gunduma, ɗan birni wanda takalminsa bai taɓa sanin taɓon rafin ba. Wakilai uku na Haladu ne. Uku, har da Alhaji Sambo da kansa, na Basiru ne. Saura ƙuri'ar Tudun Marke, duk inda ta faɗa nan takara ta faɗa. Alhaji ya duba gabas ya duba yamma, ya ce wa ya kai Nomau jin magana? Ya shiga ya fita aka ba Nomau wakilci. Nomau ya dawo gida da sabuwar hula mai hoton tulu, yana takawa ɗai-ɗai.

"Ladingo, na zama wakili."

"Wakilin me?"

"Ba a faɗa mini ba tukuna."

"To Allah ya tsare wanda zai faɗa maka."

Wata rana Alhaji ya ba shi ɗaurin katin jam'iyya, ya ce, "Ka bi gida-gida ka raba. Kada ka tsallake ƙofa ko ɗaya, kada ka dawo mini da kati ko ɗaya." Nomau ya bi gida-gida har ya iso ƙofar Baba Jatau, shugaban jam'iyyar adawa mai alamar garma. Baba Jatau ya dubi katin, ya dubi Nomau, ya ce, "Kai, ka san ko ni wane ne a garin nan?" Nomau ya ce, "Na sani, Baba. Amma gidanka yana da ƙofa." Ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna tun hantsi har la'asar, har tsohon ya fizgi katin don ya samu ya sha iska. Kafin gari ya waye labari ya zaga ƙauyuka bakwai wai Jatau ya sauya sheƙa. Sai da ya taka da sandarsa har ofishin tulu, ya jefa wa Alhaji katin a cinya, Alhaji kuma ya yi ta ba da haƙuri kamar wanda ya taka sallayar liman.

Wata rana aka kawo fastocin Basiru daga birni, yana murmushi cikin farar shadda. Alhaji ya ce, "Ka manna su inda jama'a suka fi zuba ido." Nomau ya zaga gari yana lura da idon mutane, bai ga inda aka zuba shi kamar gidan kallon ƙwallo ba. Ana dab da buga fenareti ya ratsa benci-benci da kwanon kokon manna fasta, ya shafe fuskar talabijin, ya manna Basiru a kai, ya daddanne da tafin hannu. Mutum sittin suka miƙe lokaci ɗaya. Da ba don kowa ya san ƙarfin Nomau ba, da ranar an yi jana'iza. Fastar dai ba ta sha ba, kuma daga ranar duk wanda ƙungiyarsa ta sha kashi sai ya ce Basiru ne ya jawo.

Wata rana Basiru ya zo da kansa yaƙin neman goyon baya. Aka kafa rumfa, jama'a suka cika fili, sai janareta ya yi tari biyu ya mutu, lasifika ta yi shiru. Alhaji ya jawo Nomau kusa da ɗan takara, ya ce, "Duk abin da ya fito daga bakin Basiru ka ɗaga murya ka maimaita, na baya su ji." Basiru ya ce, "Jama'a, ni naku ne!" Nomau ya kwarara, "Jama'a, ni naku ne!" Har awaki suka tsinke igiya. Basiru ya ce, "Na san damuwarku ɗaya bayan ɗaya!" Nomau ya aika da ita har bayan gari. Sai Basiru ya sunkuya wajen kunnen surukinsa, ya yi ƙasa da murya. Nomau yana kusa, kuma daga bakin Basiru ta fito, don haka ya cika ƙirji ya saki: "Baba, wai yaya ma sunan ƙauyen nan?"

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ku ce masa ya tambayi Haladu!"

Basiru ya juyo a fusace, ya ce wa Nomau, "Kai, rufe mana baki, sakarai!"

Nomau ya fuskanci jama'a, har da dattawan sahun gaba, ya isar musu da saƙon yadda aka ba shi. Taron bai kai ga addu'ar rufewa ba.

Bayan wannan mutanen Haladu suka fara rantsuwa a fili cewa in aka ɗora musu Basiru da ƙarfi, su da tulu sai a lahira, garma za su koma da iyalansu. Wata rana Alhaji ya kira taron gunduma don ya yayyafa ruwa, ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi jawabin da yake yi duk bayan shekara huɗu: "A jam'iyyarmu ba a tilasta wa kowa ɗan takara. Wakili ɗan aike ne. Ya tambayi mutanensa, abin da suka ce shi zai kawo." Kowa ya san maganar ta kunne ce, aka tafa aka watse. Nomau kaɗai ya ɗauke ta zuwa gida. Kwana uku yana bin maza a gona, mata a bakin rijiya, yana tambaya, "Haladu ko Basiru?" Da yake ba ya rubutu, in an ce Haladu sai ya jefa tsakuwa a aljihun dama, in an ce Basiru a na hagu. A rana ta uku yana tafe a karkace, rigar ta rinjaye shi gefe guda, Ladingo tana binsa da allura. Ya shiga ofis ana tsakiyar shawara, ya juye aljihun dama a kan teburin Alhaji, tsakuwa ta yi tudu har tana gangarowa ƙasa. Ya juye na hagu, guda uku suka faɗo.

"Ga saƙo, Alhaji. Amma ɗaya daga cikin ukun nan ba ni da tabbas, ina jin tun daga gona take ciki."

Alhaji ya share teburin da hannun riga.

Wata rana, ranar fitar da gwani ke nan, Alhaji ya ja Nomau bayan ajin makarantar da za a yi layin, ya riƙe kafaɗunsa biyu. Ya ce, "Yau ba tambaya, ba magana, ba tsakuwa. Ka ga gefen rigar nan tawa? Ka riƙe. Inda na je ka je, inda na tsaya ka tsaya a bayana. In aka busa usur, za su yi ta kiranka su ruɗe ka. Kada ka matsa, kada ka saki rigata, ko wane ne ya ce, ko da ni ne da bakina." Nomau ya naɗe shaddar a hannu sau biyu, ya ce, "An gama, Alhaji."

Uwar jam'iyya ta turo wata Hajiya Tabawa mai usur a wuya, wadda ba ta dariya a bakin aiki. Ta karanta doka a gaban jama'a: da zarar ta busa, inda wakili yake tsaye nan ce ƙuri'arsa. Haladu ya tsaya, mutum uku a bayansa. Basiru ya tsaya, huɗu a bayansa, Nomau a ƙarshe yana riƙe da riga. Magana ta ƙare ke nan, da Alhaji mai haƙuri ne. Amma ya tuna gobe za a ce da ƙuri'ar wawa surukinsa ya ci. Ya ga Hajiya ta duƙufa kan takardu, ya ga Cindo, tsohon abokinsa, shi ne na ƙarshe a layin Haladu. Ya ce bari ya raɗa masa kalma biyu ya jawo shi, abin ya zama biyar da biyu. Ya sulale ya tsallaka, ya tsaya bayan Cindo ya kai baki kunnensa. Nomau na biye, ya tsaya a bayan Alhaji daram.

Hajiya Tabawa ta ɗago kai ta busa usur.

Alhaji ya zabura zai koma, rigar ta ce ba inda za ka. Ya ja, ya ƙara ja, kamar an ɗaure shi a gindin kuka.

"Nomau, sake ni!"

"Ai ka ce ko da kai ne, Alhaji."

"Na janye! Sake ni, don Allah!"

"Ka ce za a ruɗe ni."

Hajiya ta iso tana nuna kawuna da biro. Alhaji ya ce, "Hajiya, ni fa wucewa nake yi!" Ta ce, "Ni dai a tsaye na same ka, Alhaji. Huɗu. Biyar. Malam Haladu biyar, Basiru biyu."

Kafin Alhaji ya haɗa kalmar ƙorafi, wani daga cikin jama'a ya yi ihu, "Alhaji ya bar surukinsa ya bi jama'a!" Fili ya ɗauka. Waɗanda suka yi rantsuwar komawa garma su suka fi kowa tafi. Matasa suka ɗaga Alhaji sama, Malam Haladu ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya, mata suna guɗa. To ya zai yi? Ya ce musu kuskure ne? Alhaji ya buɗe haƙora, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, Nomau kuwa yana gudu a ƙarƙashinsa da gefen riga a hannu, don har lokacin ba wanda ya sallame shi.

Da la'asar ya dawo gida, Ladingo tana shanya kalwa a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "To wakili, wa ka zaɓa?"

"Ni ban zaɓi kowa ba. Alhaji na bi."

Ta karkaɗe hannu, ta ɗauko masa tuwo da man shanu a kai, abin da ba ta yi sai da salla.

"Ci ka ƙoshi, maigida. Shekara ashirin garin nan yana neman wanda zai tsayar da Alhaji a layin mutane, sai yau aka samu mai ƙarfin hannu."