Rasuwar Ma'aunin Taki, Fankishin na Ajinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro da zan bayyana a ƙasa, ni Malama Juwairiyya, mai koyar da ajin kwamfuta na yamma a nan Rano, nake sanar da ɗalibai da iyayensu rasuwar Ma'aunin Taki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin fankishin ne, wato 'yan layukan umarni da muka rubuta cikin kwamfuta muka raɗa musu suna, don kada kowa ya riƙa maimaita aiki ɗaya. A faɗa masa girman gona da abin da aka shuka, shi kuma ya mayar da yawan takin da ya dace. Shi ne na farko da yaran suka rubuta da hannunsu. Bai taɓa gajiya da kira ba, bai taɓa tambayar ko gonar ta wace unguwa ce ba. Idan ya gama, kwamfutar takan yi ɗan “ƙit”, amsa ta fito.

Ciwon ajalinsa ya shigo ba hayaniya. Wani daga cikinmu, da niyyar gyara, ya taɓa layi ɗaya a cikinsa. Ban tambayi ko wane ne ba, kuma ba zan tambaya ba. Marigayin ya ci gaba da amsawa kamar kullum, da “ƙit” ɗinsa. Sai ranar Talata ɗalibata Fulera ta tsaya bayan an tashi, ta ce mini kakanta a Unguwar Gai ya kalli amsar ya yi dariya, ya ce wannan taki zai ƙone ko bishiyar kuka, balle masara. Muka buɗe shi. Kowa ya kawo nasa magani, Khalid ya goge nan, Maijidda ta ƙara can, har ya daina mayar da komai. Kwamfutar ta yi dogon “tiiii”, jan rubutu ya cika fuskarta.

Ya bar manhajojin yara da yawa da ke kiransa, babu mai amsa musu. Ya bar ƙaninsa, Ma'aunin Iri, wanda aka kwafa daga jikinsa, ni kuwa ban yarda da lafiyarsa ba. Ya kuma bar amsoshin da ya bayar yana cikin ciwo. Da yake kowa shi yake kira, kuskuren nan ɗaya ya shiga kowane gida. Amsoshin sun kai Madachi, sun kai Kibiya, iyaye sun karɓa don sun yarda da 'ya'yansu. Ba mu san ranar da ciwon ya soma ba. Masara ta yi ganye, hadari kuma na haɗuwa kowace la'asar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ajinmu. Za mu goge gawar tare, mu sake rubuta shi a allo layi bayan layi, mu gwada shi da gonar kakan Fulera, wadda muka san amsarta. Kada a kawo goro, a zo da amsar da aka kai gida. Kafin nan, ina roƙon iyaye da girman Allah kada su kwance bakin buhun taki.

Wanda mahaifinsa ya riga ya zuba, kada ya jira Asabar. Ya same ni yau.