Sarkin Aya Ya Ba da Kiwon Tumbinsa

Daga tashar Gazawa har bakin iyaka, ba a taɓa yin mai lissafi kamar Alhaji Aminullahi ba. Shi ne shugaban 'yan kasuwar aya, kuma Allah ya hore masa tumbin da ke riga shi yin sallama. Masoyansa na kiransa Buhu Ɗari. In ya hau bayan kabu-kabu, tayar gaba sai ta ɗaga tana gaida sama.

Ana nan sai ga albishir: bayan girbi za a naɗa shi Sarkin Aya. Cikas ɗaya ne. Mai karɓar sarauta sai ya gurfana gaban sarki, a naɗa masa rawani, sannan ya miƙe da ƙafafunsa jama'a na kallo. Alhaji kuwa rabon gwiwarsa da ƙasa shekara huɗu.

Ya tafi likita wurin majo Lantana, babbar ma'aikaciyar jinya, ta auna shi, kilo ɗari da talatin. Ta ce sai ya sauke sha biyar, ta sa masa wata manhaja a waya.

"Alhaji, cikinka rumbu ne. Duk abin da ka ci ka rubuta, waya za ta ba ka jimillar kalori. In ka yi tafiya, za ta ƙirga takunka ta ɗebe abin da ka ƙone. Abin da ya saura shi ke zama a rumbun. Amma kada ka taka zuwa masallaci ka ce za ka rama da rago."

Ya gyara hula. "Hajiya majo, ni da ke auna tirela za a koya wa ɗebewa?"

Ranar farko ya yi tattaki daga zaure zuwa mota, taku goma sha ɗaya. Waya ta ce bai ƙone ko tsabar aya ba. Wannan rashin kunya ya yi masa ciwo. Da la'asar ya tara majalisarsa.

"Jama'a, wa ya nome gonar hanyar Agye bana?"

Suka ce Alhaji.

"Wa ke da shanu saba'in a daji?"

Suka ce Alhaji.

"Kun taɓa ganina da hauya? Kun taɓa ganina bayan saniya? To, in ana yi wa babba noma, ana yi masa kiwo, tafiya ce ba za a yi masa ba?"

Majalisa ta girgiza kai, ta ce ilimi kogi ne.

Aka kira Labo, Bafillacen da ya shekara ashirin yana kiwon shanunsa. Aka ɗinka wa waya gidan fata kamar laya, aka rataya masa a wuya. Kullum magariba Labo ya dawo da taku dubu talatin, Alhaji ya karɓa da gumin goshinsa. Ya rubuta fura da nono, masa ashirin, tuwo da man shanu, kilishi na ratsin hanya, sannan ya ɗebe tafiyar Labo. Wata rana saura sai ya faɗi ƙasa da sifiri.

"Fadila," yakan ce wa uwargida, "a lissafi tun jiya ban ci komai ba. So kike in mutu? A kawo balangu."

Ran da ya yi sha'awar kan rago, sai ya sa Labo ya zaga gari da shanun sau biyu kafin rijiya. Shanu suka fara nuna haƙarƙari. Fadila ta kai rigunansa tela a buɗa, ya ce yadin zamani ne ba shi da amana.

Jajibirin naɗi majo ta sake auna shi. Sikelin likita ya ce a kai kasuwa, aka tafi na aya. Ɗari da talatin da tara. Wani da ya yi kuka, amma ba gwani ba.

"Wannan ai jimilla ce. A ɗora Labo."

Aka ɗora Labo, ya tashi kilo hamsin, har da sanda.

"A ɗebe. Saura tamanin da tara. Hajiya majo, na wuce abin da kika nema, sai dai ki ba ni maganin ƙarin jini."

Majo ta naɗe takardarta ta tafi. Ba a gardama da mai sikeli.

Ranar naɗi ƙofar fada ta cika. Alhaji ya gurfana, ƙasa ta amsa. Aka naɗa rawani, makaɗa suka ɗauki kirarin miƙewa. Suka kai ƙarshe, suka koma farko. A karo na uku mai kalangu ya tsaya shan ruwa. Buhu Ɗari na nan inda aka ajiye shi, gwiwa ta ce ita jimilla take ɗauka, ba a gaya mata zancen saura ba.

Labo na tsugune a gefe, waya a wuya. Tausayi ya kama shi.

"Alhajji, zauna abinka, bari in miƙe maka."

Ya miƙe tsam kamar kara.

Sarki ya tambayi ba'asi, aka kwashe labari aka gaya masa. Ya dubi na tsaye, ya dubi na ƙasa.

"To, madalla. Tunda shi ke yi maka tafiya, shi ke yi maka miƙewa, a warware rawanin a naɗa masa, ya ɗaukar maka. Kai ka riƙe saura."