Barewar da ta Ƙetare Rafin Ɓaure

A Tungar Kanya akwai wani maharbi da ake kira Korau, dattijo ne da ya ba sittin baya, siriri, mai ƙarancin magana, amma in ya yi ta sai an yi mako ana juya ta a bakin kasuwa. Ubansa maharbi ne, kakansa ma haka, barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya gada wurin uban nasa ba gona ba ce, ba shanu ba ne, bindigar toka ce guda ɗaya, doguwa, ƙirar wani maƙeri da ya daɗe a ƙasa, an ɗaɗɗaure gindinta da fata saboda tsufa. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya, ita ce kuma take sa tukunyar gidansa ƙamshi har gobe. Matarsa Kande takan ce in gobara ta tashi ta san wadda zai fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

Ana zaune lafiya sai aka raba ƙaramar hukumarsu gida biyu, ta Gabas da ta Yamma, aka ce Rafin Ɓaure ne iyaka. Masu zana taswira suka zo da rani, suka zana rafin yadda suka gan shi, suka karkaɗe rigunansu suka koma birni. Ba su yi shawara da rafin ba. Damina biyu da yin haka ruwa ya yi gyara, rafin ya bar tsohuwar hanyarsa ya zagaya ta bayan gidan Korau. Shi ke nan, mutumin da ko shingensa bai matsar ba ya wayi gari a takarda ɗan Yamma, a ƙasa ɗan Gabas.

Wannan bai dame shi ba, don taswira ba ta hana barci. Sai da hukumomin biyu suka fito da doka iri ɗaya, kamar sun haɗa baki alhali ko gaisawa ba sa yi: ba mai harbin barewa a dajin hukuma sai da takardar izini, takardar kuwa ba a ba kowa sai mazaunin hukumar.

Korau ya wanke ƙafa ya tafi ofishin Yamma. Akawu ya ce masa, “Baba, ai rafi ya bar ka a Gabas. Mu da rafi muke aiki.”

Ya tafi ofishin Gabas. Akawun can ya buɗe taswira ya ce, “Baba, ga gidanka nan ƙarara a Yamma. Mu da taswira muke aiki.”

Haka suka yi ta tura shi, yau nan gobe can, har takalminsa ya san hanyar da kansa. Abin da ya fi ba shi haushi, waɗannan hukumomin ne dai in zaɓe ya zo kowacce take turo mota ƙofar gidansa, ana “Baba Korau namu, ɗan asalin ƙasa.” Ga shi yanzu ya zama marayan da kowa ke nuna masa gidan maƙwabci.

Daga ƙarshe dai Gabas ta gaji da ganin fuskarsa. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa hannu, hakimi ya sa hannu, aka ɗauke shi hoto sau biyu don na farko hula ta rufe masa kunne ɗaya, wai ba a gane mazauni sai da kunnuwa biyu. Aka ba shi takarda. Ya kai wa baduku ya ɗinke masa ita cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya, ya ce to, yanzu kowa ya kama kansa.

Ranar wata Laraba da hantsi yana cikin dajin Gabas, inda takardarsa ta halatta masa, ya hango barewa tana kiwo a gindin wata ƙaya. Ya yi rarrafe ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, ya gyara, ya saki wuta. Ya same ta a haƙarƙari, amma ba ta faɗi ba. Ta yi tsalle ta nufi rafi tana zubar da jini, ta ƙetare yashin, ta shige dajin Yamma.

To, a wurin maharba akwai abu biyu da ba a wasa da su. Ba a barin dabbar da aka ji wa rauni ta je ta mutu da wahala, abin kunya ne da har jikoki za a goranta wa. Kuma in ba a kai mata wuƙa tana da sauran rai ba, ta zama mushe, an yi asarar rai da nama. Korau bai tsaya tunanin hukuma ba. Ya zare wuƙa ya bi jini da gudu irin na 'yan shekara talatin, ya tarar da ita a kwance tana shure-shure, ya juya ta gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

Yana ɗaga kai sai ga takalma baƙaƙe a gabansa. Malam Haladu ne, malamin daji na hukumar Yamma, gajere mai tumbi, wanda tun da aka kawo shi ba a taɓa ganin ya shiga daji ya wuce inda babur ɗinsa ke iya kai shi ba. Yana hutawa ne a gindin tsamiya, Allah ya kawo masa aiki har gaban ƙafarsa.

“Sannu da aiki, dattijo. Ina takarda?”

Korau ya ciro layar ya warware ya miƙa masa. Haladu ya duba gaba, ya duba baya, ya yi murmushi.

“Wannan ai ta Gabas ce. Nan kuwa Yamma kake tsaye.”

“A Gabas na harbe ta, ɗan nan. Ga sawun jini nan, zo mu bi ka gani.”

“Ni ban ga harbi ba, yanka na gani.”

“To da so kake in bar ta ta zama mushe?”

“Da sai ka tsaya a bakin rafi ka aiko da takardar neman izini.”

“Ita kuma barewar ta jira?”

Haladu ya ce shi ba muhawara ta kawo shi ba. Ya ɗaure barewar a bayan babur, ya miƙa hannu ya karɓe bindigar. Barewar ba ta dami Korau ba, daji bai ƙare ba. Amma da ya ga bindigar ubansa a kafaɗar mutumin da ko riƙe ta bai iya ba, sai ya bi ta da kallo har babur ɗin ya ɓace. Ya koma gida hannu rabbana. Kwana tara ya yi ba ya cin abincin kirki, in ya dubi ƙusar da yake rataye ta sai ya kau da kai. Kande ma da take yi masa tsiya a kanta, wannan karon ƙyale shi ta yi.

Ranar shari'a kotu ta cika, don maharban Gabas da na Yamma duk sun zo, kowa yana son ya ji ko daga yau sai an riƙa tambayar dabba inda ta nufa kafin a harbe ta. Alƙalin babban mutum ne mai ƙiba da tabarau, ya yi suna wajen son a gama da wuri. Bindigar tana kwance a kan tebur gabansa, an ɗaura mata wata 'yar takarda. Korau ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Alƙali ya ce, “Korau, kai mazaunin ina ne?”

“Allah ya gafarta Malam, ya danganta da lokaci. In zaɓe ya zo, ni ɗan ko'ina ne. In farauta ta zo, ba ni da gari.”

Aka yi dariya, masinjan kotu ya buga tebur. Alƙali ya juya wurin Haladu ya ce ya faɗi ƙararsa.

Haladu ya gyara ɗamara ya ce, “Allah ya gafarta Malam, laifinsa biyu ne. Na farko, ya yanka dabba a ƙasar Yamma da takardar Gabas. Na biyu, ita kanta barewar 'yar Yamma ce.”

“Yaya aka yi ka san 'yar Yamma ce?”

“Ai da ta ji wuya nan ta gudo. Kowa in ya ji wuya gida yake nufa.”

Maharban Yamma suka gyaɗa kai, wannan magana ta yi musu. Wani tsoho daga cikin na Gabas ya ɗaga murya ya ce in haka ne duk ɓarawon da ya gudu daji ɗan kura ne. Masinja ya sake buga tebur.

Korau ya ce, “Allah ya gafarta Malam, abin ba ya bukatar dogon zance. A kawo barewar a duba. In an ga raunin harbi, an ga yadda jini ya bushe a jikinta tun daga haƙarƙari har ƙafa, kowane maharbi a nan zai gaya maka ta yi tafiya mai nisa da raunin kafin ta faɗi. Nisan nan kuwa a Gabas yake ƙarewa.”

Alƙali ya ce wannan magana ce, a kawo barewa. Haladu ya sunkuya ya buɗe wani buhu, ya fito da fata wankakkiya tas da ƙaho biyu, ya ajiye kusa da bindigar.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau. “Ina sauran?”

“Allah ya gafarta Malam, nama ba ya jiran shari'a. Ga zafi, ga ofis ba wuta. Don kada shaidar hukuma ta lalace, sai muka rarraba ta wuraren ajiya.”

“Waɗanne wuraren ajiya?”

“To, hannu ɗaya yana gidan shugaban sashenmu. Ƙirji da kayan ciki ni na ɗauki nauyin ajiye su da kaina. Wuya yana wurin akawu. Cinya kuwa, kamar yadda aka saba, ranar nan da yamma na aika da ita gidan…”

Wani irin tari ya sarƙe alƙali. Ya yi ta yi har sai da aka kawo masa ruwa. Masinja ya duƙar da kai yana nazarin farcen ƙafarsa. Kotu ta yi tsit, irin shirun da kowa ya gane amma ba mai son a ce shi ya fara ganewa. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a hukumar Yamma an raba aikin: Korau ya ci gudun, manya suka ci naman.

Da tarin ya lafa alƙali ya ce kotu ta gamsu da bayanin ajiya, ba sai an ƙarasa ba. Ya jawo wani littafi ya buɗe, ya rufe, ya yi gyaran murya.

“Abin da kotu ta gani shi ne, ba a tabbatar da garin barewa ba, ba a kuma tabbatar da garin maharbi ba. Saboda haka ba za a ɗaure kowa ba. Amma bindiga za ta zauna a ajiyar hukuma, a hannun malamin daji, har ranar da Gabas da Yamma suka daidaita a kan iyakarsu.”

Maharba suka yi salati. Kowa ya san hukumomin nan shekara goma sha ɗaya suna kafa kwamiti a kan rafin nan, ko taro ɗaya ba a taɓa gamawa ba tare da an tashi baram-baram ba. Har ranar da suka daidaita, wato har ranar da Korau ba ya duniya. Haladu kuwa har ya miƙa hannu yana shafa bindigar.

Korau ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye, don ba zai yi kuka a gaban maharban Yamma ba. Ya dubi fatar da ƙahonin, ya dubi tumbin Haladu, ya dubi alƙali da kofin ruwansa. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ai sai ka mai da shi wasa.

Alƙali ya ce, “Kana da abin cewa kafin a tashi?”

Korau ya durƙusa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na bi hukunci, a ajiye ta. Sai dai in irin ajiyar da aka yi wa barewar za a yi mata, wanda aka saba kai wa cinya ya tauna a hankali. A ɗure take.”