Matattunmu Sun Riga Mu Ƙaura

Da ƙugu a sanƙare nake rubuta muku wannan, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Yau da safe na goyi maƙwabciyata Goggo Fusae, mai shekara tamanin da bakwai, na hau da ita matakala ɗari biyu da sha huɗu, ga bokitin ruwa a hannuna. Bikin Obon, na tunawa da matattu, ya zo, kuma tun rasuwar mijinta Kiyomatsu ba ta taɓa yarda wani ya wanke masa dutsen kabari ba.

"Tokuzo, kana zubar da ruwan," in ji ta daga bayana.

"Goggo, ke zan riƙe ko bokitin?"

"Bokitin. Ni na saba da faɗuwa."

Me ya kai maƙabartarmu can sama? Madatsar ruwa. Ina ɗan shekara shida, bayan babbar ambaliya, masu farar hular kwano suka kafa jajayen turaku a gonakin shinkafa, suka ce kwarinmu zai zama tafki. Da fari wai don tare ambaliya. Da aka manta da ambaliya, aka ce masana'antun birni na jin ƙishi. Masana'antun suka tashi, aka ce to lantarki. Wata jam'iyya ta ci zaɓe da alkawarin ginawa, wata ta kayar da ita da alkawarin sokewa, ta farkon ta dawo ta kafa kwamiti. Mu kuwa muka dare gida biyu, 'yan a gina da 'yan a bari, har yau akwai wa da ƙanen da ba sa ga maciji. Yanzu shekarata sittin da takwas. Turakun sun ruɓe sau huɗu, sau huɗu ana sake su. A nan kam a yaba wa hukuma, ba ta wasa da turaku.

Aiki ɗaya aka gama a kan lokaci. Shekara talatin ke nan da aka ce matattu su fara yin gaba. Malamin ɗakin ibada ya yi karatunsa, aka kwashe tulunan ƙashi da duwatsu zuwa sabon garin da aka share mana a kan tudu. Har yau su kaɗai ne a garin. Ko famfo babu, don ruwansa daga madatsar zai fito.

Muna saukowa muka tarar shugaban aikin madatsar, Mai Girma Uban Tafkin Da Ba A Gani, ya turo wakilinsa zauren gari, wai a sake yi mana bayani. Goggo ta ɗaga sandarta.

"Ɗan nan, gwiwata ta ƙare, yau ƙugun Tokuzo ma ya bi ta. Baɗi ba mai kai ni. Ku sauko mini da mijina."

Wakilin ya rusuna kamar zai karye. Doka, in ji shi, ta hana kafa ko dutse ɗaya a inda ruwa zai cinye.

"To ku mayar da ni sama kusa da shi."

Ya ƙara rusunawa. Wai ba a raba filin zama sai an yanke hukunci kan madatsar.

"Shi ta yaya ya samu?"

Ya buɗe takardunsa, ya bi layi da yatsa. "Ai shi, Goggo, yana cikin rukunin da aka amince wa."

"To sa sunana a layin rukunin. Wannan kam ba sai kwamiti ya zauna ba."

Zauren ya kwashe da dariya, har da wa da ƙanen nan. Ni ma na yi, amma raina a ɓace yake, don na san da gaske take.

Kada dai a ce ma'aikatanmu ba su san aikinsu ba. Bawan Allahn nan ya zaro alƙalami, ya tambaye ta cikin ladabi ko ta zo da hatiminta na sa hannu a takarda.